Tiyar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Idan ka baro Birnin Ƙonni ka miƙa gabas bisa kwaltar da ta nufi Madawa da Maraɗi, ka wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ba za ka jima ba sai ka hango hasumiyoyin Malbaza. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a wurin, domin Allah ya shimfiɗa dutsen farar ƙasa a ƙarƙashin yankin. Mutane su fasa dutsen, su niƙa shi da yumɓu, su gasa a tanderu mai juyawa da zafin da ya kai digiri 1450, abin da ya fito su sake niƙa shi da ɗan jifsom, su ɗura a buhu mai kilo 50. Duk wannan aikin da ake yi, namun dawa na laɓe a bayan tudu suna kallo.

Wanda ya fi kowa zuba ido shi ne Zaki. Tsufa ya kama shi, daji ya koma gonaki, barewa ta yi ƙaura ba sallama. Ya ce ashe dutse ma abinci ne, to shi da farauta sai wata rana. Ya buɗe ramin dutsensa a wani kwazazzabo mai gangarawa Majiya. Tanderu dai ba shi da shi, fasasshen dutse da garinsa kawai yake sayar wa Gara, wadda ta riƙe kwangilar gine-gine tun daga Gidan Idar har Badagishiri, ita kuma ta biya shi da gero.

Kurege da danginsa ke haƙa. Rago ke fasa manyan duwatsu da goshinsa. Jakuna su fito da kaya daga rami a mangala, Raƙumi ya kai nesa. Tururuwa ƴan aikin yini ne, in an buƙace su a kira, in ba a buƙace su ba ko oho. Kura ce mai duba aiki. Shi kuwa Gizo, shi ne ma'aji: makullin rumbu na hannunsa, tiyar awo na hannunsa, lissafin kowa kuma yana ƙulle a saƙarsa, ƙulli bisa ƙulli, ba mai iya karantawa sai shi. Ba wanda ke ganin Zaki sai ta hannun Gizo, ba kuma abin da Zaki ke ji game da ma'aikatansa sai abin da Gizo ya ga damar kai masa.

Albashin kowa tiya talatin ta gero a wata. Haka aka fara, haka aka daɗe. Abin mamaki, geron da a da yake kai gida ƙarshen wata, sai ya koma ƙarewa tun wata na da sauran mako guda. Sai a je wurin Gizo karɓar abansi, ya ba da tiya biyar, ranar biya ya cire shida. Kowa na zargin cikinsa ko yawan ƴaƴansa.

Wata ranar kasuwa Hankaka ya dawo daga tashar da manyan motoci ke loda albasar Galmi, yana haki. Ya ce ya ji a rediyon wani direba cewa mafi ƙarancin albashin ƴan Adam a ƙasar, wanda ya tsaya kan sefa 30,047 tun 2012, ya koma 42,000 daga watan Janairun 2024. Jika talatin ta zama jika arba'in da biyu! Kafin la'asar zancen ya gama ramin.

Rago bai jira kowa ba. Ya fito da ƙura a gemu, ya tarar da Kura a inuwa tana sakace, ya ce a ƙara musu albashi yau ɗin nan, ya haɗa mata da cewa kowa ya san inda awakin Dogarawa ke shiga. Maganar albashi ta bi iska, maganar awaki ta zauna. Kura ta miƙe, aka yi kaca-kaca, Gizo ya ruga wurin Zaki ya ce: "Yanka shi daɗe, Yago ya ce sai ya fasa kanka kamay dutse." Kafin magariba an sallami Rago.

Daren nan aka taru ƙarƙashin gawo, wanda ke riƙe ganyensa da rani. Matasan jakuna suka ce a cinna wa rumbu wuta. Damo ya ce a yi haƙuri, shi ma Zakin bawan Allah ne. Aka yi ta hayaniya har sai da wata tsohuwar Jaka, da kowa ke kira Inna, ta buga kofato a ƙasa ta ce a bar Baba Kunkuru ya yi magana.

Kunkuru ya daɗe a duniya. Shekaru da dama ya yi a wata magudanar ruwa kusa da tsohuwar masana'anta, yana jin hirar ma'aikata in sun zauna cin abinci. Ya ji lokacin da ƴan sandika na USTN ke tashe, har aka kai ga taron ƙasa na 1991. Ya ji lokacin da aka sayar da masana'antar ga ƴan kasuwa a 1998. Amma abin da bai taɓa mantawa ba shi ne watan Janairun 1994.

"A dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi," in ji shi. "Washegari kowane ma'aikaci ya duba takardar albashinsa, lambar tana nan yadda take, ko dala ba ta ragu ba. Ya je kantin magani, ya je wurin mai shinkafar waje, ya je wurin mai kayan keke, sai ya tarar kuɗin nasa ya yi ƙanƙance a aljihu. Tun ran nan, in an ce mini albashin wane talatin ne, sai in ce talatin ɗin me? Ku kuna ta kiran arba'in da biyu. Wa ya taɓa ɗaukar geronsa na wata ya kai kasuwa ya sake aunawa?"

Aka yi tsit. Ba wanda ya taɓa.

Aka zaɓi wakilai uku: Kunkuru, Inna Jaka da Raƙumi. Kunkuru ya kafa sharaɗi kafin ya karɓa. Ya ce a faɗa masa tun yanzu, a gaban kowa, abin da za a nema da abin da in an samu za a koma aiki, domin ba ya so ya shiga gaban Zaki da baki ɗaya ya bar bakuna hamsin a bayansa kowa da tasa. Aka yi ta ja har asuba ta kusa. A ƙarshe aka tsaya kan cewa za a nemi arba'in da biyu, a mai da Rago, a kuma ba Kurege ruwan yayyafi a rami, don ƙurar dutsen ta sa rabin danginsa tari. Abin da ba za a sauko ƙasa da shi ba kuwa, aka bar shi a cikin wakilai uku da dattawa, aka kori Hankaka daga reshe kafin a faɗe shi.

Ranar biya ta zagayo. Inna Jaka ta karɓi tiya talatin daga hannun Gizo, ta yi godiya kamar kullum, ta ɗauka sai kasuwa. Ta roƙi wata mai awo ta auna mata. Ashirin da huɗu. Ta ce a sake. Ashirin da huɗu. Ta dawo ba ta gaya wa kowa ba sai abokan wakilcinta, don ta san in matasa suka ji, Gizo ba zai kwana da ƙafa takwas ba, su kuma su wayi gari su ne masu laifi.

Zaman farko da Gizo aka yi, tunda Zaki ya ce ba shi da lokacin jakuna. Wakilai su faɗi magana, Gizo ya shiga kogo, ya fito da amsa. Kunkuru ya ce a gaya wa Manyan Dawa suna gaisuwa, suna neman ƙari saboda tsadar rayuwa. Gizo ya shiga ya ce sun ce Zaki azzalumi ne. Zaki ya ce a gaya musu kasuwa ba kyau, su dakata sai kaka. Gizo ya fito ya ce Zaki ya ce wanda bai gamsu ba ga hanya nan. Kwana uku ana haka, kowane ɓangare na ƙara cika yana batsewa kan maganar da ɗan'uwansa bai faɗa ba. 

Sai maganar yajin aiki ta taso, kuma a nan aka fi samun saɓani. Matasa suka ce gobe. Raƙumi, wanda ba ya yawan magana, ya ce a'a, ya kuma kawo hujja. Ya ce yanzu tsakiyar rani ce, an gama aikin gona, duk wata dabba mai ƙafa tana yawon neman abin yi. In suka ajiye aiki yau, jibi an cike gurbinsu. In kuma suka bari sai damina ta zauna, gini ya tsaya, Gara ba ta sayen dutse, Zaki ma zai ji daɗin a rufe ramin ya huta da biyan albashi. Amma akwai ƴan makonni a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. A lokacin ƴan cin rani sun fara komawa sharar gona, ita kuma Gara hankalinta a tashe yake ta rufe gine-ginenta kafin ruwan fari. Ya ƙara da wani abu da ya jiyo a wurin sauke kaya: Zaki ya riga ya ci geron Gara na wannan kwangilar, kuma Gara ta ce in dutse bai iso kan lokaci ba, za ta tsallaka iyaka ta nemo daga wajen Kalambaina ta Sakkwato, inda su ma dutsen yake, siminti ma ake yi.

Jiran nan ya yi wa ma'aikata wuya ƙwarai. Wata biyu suna aiki suna karɓar tiyar da wakilansu suka san ba ta cika ba. Kowane gida na ware ɗan gero yana kai wa Inna Jaka ajiya, daga ciki ake ciyar da iyalin Rago. Kunkuru kuwa ya aika wa Dila, malamin daji, da ke zaune wajen Ƙonni. Dila ya san cewa dokar ƙwadago ta ƴan Adam, wadda aka sabunta a 2012, ta ce rikicin ma'aikata da mai aiki a fara kai shi gaban sufetan ƙwadago a nemi sulhu, kuma ba a korar wakilin ma'aikata haka kawai ba da izinin sufeto ba. Ya ce a daji ma ba laifi a ari wannan. Ya yarda zai zo, da sharaɗin kowane ɓangare ya ba shi kaza. Ba na cewa Dila waliyyi ne, amma da yake ya ci ta kowa daidai, ba wanda zai ce ya saye shi.

Da hadari ya fara gangami aka sanar da Kura, da rana tsaka, a gaban shaidu, cewa daga ranar kaza ba mai shiga rami. Ranar ta zo, ramin ya yi shiru.

Gizo bai zauna ba. Ya tafi gidajen Tururuwa ya ce ga aiki, zai ba da ninki. Washegari sai ga su baƙi ƙirin sun yi layi zuwa ramin. Rago ya ja da baya zai bi ta kansu, Inna Jaka ta sha gabansa. Ta je da kanta ta durƙusa har hancinta na taɓa ƙasa, ta gai da uwar Tururuwa.

"Yaya, nawa yake ba ku a yini?"

"Abin da ya ga dama, Inna. Wani lokaci ma sai bayan mako, wani lokaci ya ce ƙullin ya warware."

"Mu ma ba mu taɓa tambayarku ba, wannan laifinmu ne. In mun sa maganarku cikin tamu, a riƙa biyanku kowace yamma, hannu da hannu, za ku koma gida?"

Uwar Tururuwa ta ce ta ji alkawari da yawa a rayuwarta. Ta ce za su koma na kwana biyar, in ba su ji sunansu a zaman sulhu ba, ran na shida suna cikin rami. Inna ta ce ta yarda.

A kwana na huɗu Gara ta aiko da saƙo mai zafi, Zaki ya fito daga kogo. Aka zauna ƙarƙashin gawo, Dila a tsakiya. Abu na farko da Dila ya yi shi ne cewa kowa ya yi magana da bakinsa, Gizo ya zauna gefe ya huta.

Zaki ya fara da ruri. Ya ce butulci ne, ya ce shi ya ɗauke su daga yunwa, ya ce zai rufe ramin kowa ya ci ƙasa. Da ya soma, sai Kunkuru ya mai da kansa cikin ƙoƙo. Zaki ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Da ya yi shiru, Kunkuru ya fito da kai ya ce: "Ranka shi daɗe, mun ji. Kamar yadda nake cewa, maganarmu huɗu ce." Sau uku ana haka. A na ukun Zaki da kansa ya kusa dariya, ya ce to faɗi.

Kunkuru bai fara da albashi ba. Ya fara da ruwan Kurege, abin da ba zai ci wa Zaki komai ba sai jaki ɗaya da tulu biyu. Zaki ya ce wannan ai ba abin yaji ba ne, an ba su. Ya kawo maganar Tururuwa, Zaki ya ce shi a saninsa kullum ana biyansu. Ya waiwayi Gizo, Gizo ya duƙufa yana gyaran saƙa. Aka wuce. Sannan Kunkuru ya tambayi Zaki abin da ba wanda ya taɓa tambayarsa: me ya hana ƙarin?

Sai ga Zaki yana magana kamar kowa. Ya ce Gara ta rage farashi saboda tana da inda za ta je. Ya ce ramin ya yi zurfi, dutsen da a da ake samu a sama yanzu sai an sha wuya. Ya ce kowane wata yana fitar da tiya talatin-talatin daga rumbu, da idonsa yake gani ana aunawa, kuma in ya kai arba'in da biyu, kafin kaka rumbun ya zama kango, su da shi duk su rasa.

"Da wace tiya ake aunawa a gabanka, ranka shi daɗe?"

"Da tiya mana."

Kunkuru ya roƙi Malam Dila ya sa a kawo tiyar rumbu da tiyar biya. Gizo ya ce ai guda ce. Dila ya ce to a kawo gudar, a kuma ɗaga buhun da Gizo ke zaune a kai. Aka ɗaga, ga ta biyu. Daga waje ba ka raba su. Dila ya cika ta rumbu, ya juye a ta biya, gero ya zube ƙasa. Aka kifa ta, sai ga gindinta an dandaƙe shi ya shige ciki. Duk tiya biyar, ɗaya na komawa gidan Ƙoƙi, matar Gizo.

Wurin ya yi tsit, ana jiran a ga abin da Kunkuru zai yi da wannan. Da ya ga dama da ya ce ga mai gidan da ma'ajinsa ke yi wa wayo shekara da shekaru bai sani ba, da jama'a sun yi shewa, da kuma Zaki ya tashi don kunya, an rasa komai. Abin da ya ce shi ne: "Ranka shi daɗe, ashe kai talatin kake ba mu. Tiyar ce ta tsufa a hanya. In aka gyara ta, ka ƙara mana shida ba tare da ƙwaya ɗaya ta ƙaru a kanka ba. Saura mu yi maganar abin da zai fito daga hannunka."

Daga nan ciniki ya koma ciniki. Zaki ya ce biyu. Kunkuru ya ce goma sha biyu. Dila ya raba su, ya zauna da wannan, ya zauna da wancan, yana kai abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Raƙumi ya kawo shawarar a raba ƙarin gida biyu, wani yanzu, wani in Gara ta biya kuɗin sabuwar kwangila bayan kaka, don kada rumbu ya ji nauyin a lokaci guda. Rana ta faɗi ana kan tiya talatin da huɗu yanzu, talatin da shida bayan kaka, duka da tiyar kasuwa, wadda za a rataye a reshen gawo kowa na ganinta. Kwanakin yaji huɗu, za a biya biyu, biyu sun tafi. Tururuwa kowace yamma. Maganar Rago ce ta fi cin lokaci, don Kura ta rantse ba za ta sake ganinsa a ramin ba. Aka tsaya kan ya dawo, ya ba ta haƙuri kan zancen awaki a gaban mutum uku, a kuma mai da shi ɓangaren lodi inda ba ita ke dubawa ba. Dila ya rubuta komai a allo biyu, kowane ɓangare ya ɗauki ɗaya.

Wakilai suka koma wurin jama'a suna zaton za a tarbe su da guɗa. Wani matashin jaki ya miƙe ya ce an tura su neman arba'in da biyu sun dawo da talatin da huɗu, nawa Zaki ya ba su? Kunkuru bai yi fushi ba, ko kuma ya yi bai nuna ba. Ya sa aka zuba tiya ashirin da huɗu a tabarma ɗaya, talatin da huɗu a wata, ya ce ga abin da kuke kai wa gida jiya, ga abin da za ku kai ƙarshen watan nan, wanda ya ga a ci gaba da yaji ya tsaya nan, wanda ya ga a koma ya tsaya can. Mafi yawa suka tsaya can. Wasu ƴan kaɗan ba su sake gai da shi ba har kaka.

Gizo fa? Kowa ya ɗauka kashinsa ya bushe. Amma bashin da ake bin Zaki, da wanda yake bi, da abansin kowa, duk suna cikin saƙar da ba mai karanta ta sai Gizo. Zaki ya yi masa ruri na yini guda, ya sa ya dawo da buhu goma, ya bar masa makullin.

Ruwan fari ya sauka kwana biyu bayan Raƙumi ya kai kayan ƙarshe. Ƙarshen wata aka yi layi a gindin gawo. Aka sauko da tiyar, Inna Jaka ta duba gindinta, lafiya lau. Gizo ya cika ta da gero har ta yi tsororuwa kamar yadda ake awo a kasuwa, sannan ya miƙa ƙafa ɗaya ya shafe bakinta, tsororuwar ta koma buhu.

Inna ta ce: "Gizo, mene ne haka?"

Gizo ya ce: "Inna, a duba ayyo. An yubuta tiya. Ba a yubuta tsoyoyuwa ba."

Aka ɗauko allon, aka karanta daga sama har ƙasa, aka sake. Babu.

Rago ya fara ja da baya. Kunkuru ya ce kowa ya karɓi nasa ya ƙirga, kada wanda ya taɓa Gizo, a kuma auna abin da aka shafe a ajiye lissafinsa. Ya tambayi Inna ko akwai sauran kaza a ajiya. Ta ce akwai ɗaya. Ya ce a ɗaura masa ita a baya, Ƙonni da nisa ga mai irin tafiyarsa, gara ya kama hanya tun yau.

Ƙurunƙus.